Awara da zafin da ke taso wa mata bayan shekara 45: ina gaskiyar maganar take?

Abin yakan zo ba sallama. Mace na zaune cikin jama'a, a gidan suna ko a bakin rumfarta a kasuwa, sai ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska. Zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ta kama gefen hijabi tana fifita alhali na kusa da ita ba su ji komai ba. Bayan minti biyu ko uku abin ya lafa, wani lokaci har ɗari ya biyo baya. Da dare kuma sai ta farka ta tarar zane da matashin kai sun jiƙe sharkaf, barci ya ƙaurace har kiran assalatu.

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira bouffées de chaleur da Faransanci, wato tasowar zafi, kuma yana cikin manyan alamun lokacin da al'adar mace ke shirin ɗaukewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce galibin mata al'adarsu na tsayawa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da tsayawar idan wata 12 suka wuce a jere ba a ga jini ba. Zafin kuwa yakan fara tun kafin nan, a shekarun da al'ada ke wasa, ta zo wannan wata ta tsallake na gaba.

A Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi ke haura 40, da wuya mace ta gane cewa nata zafin daban ne. Wata ta ce tansiyo ce ta hau, wata ta sayi maganin masassara a teburin bakin hanya, wata ta jiƙa saiwoyin maganin zafi, wata kuma a ce mata iska ce ko sammu. Kunya ma na da nata rabo: magana ce da ba kasafai ake yin ta gaban miji ko ƴaƴa ba. A ƴan shekarun nan sai ga wata shawara na yawo daga baki zuwa baki, cewa waken soya, wanda ake awara da shi, yana kashe wannan zafi. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari a hanya.

Me ke kawo zafin?

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira ipotalamus, shi ne mai gadin ɗumin jiki. Idan jiki ya yi zafi fiye da kima sai ya ba da umarni jijiyoyin jini na fata su buɗe, zufa ta fito. Idan ya yi sanyi sai ya sa kakkarwa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai fili da jiki ke zaune lafiya, ba zufa ba kakkarwa. Sinadarin mata da ake kira estrojen, wanda gidan ƙwan mace ke samarwa, yana cikin abubuwan da ke riƙe da faɗin wannan fili. Da estrojen ya fara ja da baya sai filin ya ƙuntata, har ya zama ɗan ɗumi kaɗan da a da jiki ba ya ko kula da shi, kamar na kofin shayi ko na ɗaki mai cunkoso, ya isa mai gadin ya buga ƙararrawa. Zafin da mace ke ji a fuska jini ne da ya kwararo fata domin jiki ya huce daga wani zafi da a zahiri bai kai ya kawo ba.

Abin ba na mako ɗaya ko wata ɗaya ba ne. Wani babban bincike mai suna SWAN, da ya fara bin mata sama da 3,000 a Amurka tun 1996, ya wallafa a 2015 cewa a tsakanin matan da zafin ke yawan taso musu, matsakaicin tsawon lokacin da suke fama shi ne shekara 7.4. Matan Amurka baƙar fata su ne suka fi daɗewa, shekara 10.1, yayin da ƴan asalin Japon suka tsaya a 4.8, ƴan asalin Sin kuma 5.4. Shekara goma na yankewar barci ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ke tashi da asuba ta ɗora tukunya, ta tafi kasuwa ko ofis, ta dawo ta tarar da jikoki.

Daga Japon maganar ta taso

A cikin shekarun 1980 wata masaniyar al'adun ɗan adam ta jami'ar McGill da ke Kanada, Margaret Lock, ta yi wa matan Japon sama da 1,000 tambayoyi game da wannan mataki na rayuwa. Kimanin ɗaya cikin goma ne kawai suka ce zafi ya taso musu a makonni biyu da suka gabata, alhali a irin wannan tambaya a Kanada da Amurka kusan ɗaya cikin uku ne. Abin da matan Japon suka fi kuka da shi shi ne ciwon kafaɗa da ciwon kai. Ta kuma lura cewa harshensu ba shi da wata kalma guda da ta keɓanta da tasowar zafi, kamar dai yadda Hausa ma sai an yi zagaye kafin a faɗe shi.

A 1992 wani likita ɗan ƙasar Finlande, Herman Adlercreutz, da abokan aikinsa suka rubuta a mujallar likitanci ta The Lancet cewa wataƙila asirin yana cikin kwanon abinci. Sun auna fitsarin matan Japon suka tarar da wasu sinadaran tsiro masu kama da estrojen da yawa ƙwarai, ninkin-ba-ninkin na matan Turai da Amurka. Sinadaran daga waken soya suke, wanda mutanen Japon ke ci kullum tun suna yara, a miya, a awararsu da suke kira tofu, da kuma wani waken da ake ruɓarwa kamar daddawa.

Sunan waɗannan sinadarai izoflabon, kuma manya a cikinsu biyu ne, jenistin da daidzeyin. Siffarsu ta yi kama da ta estrojen har suna iya shiga makullin da estrojen ke buɗewa a jikin ƙwayoyin halitta, sai dai ƙarfinsu bai kama ƙafar nasa ba. Cewa tsiro na iya taɓa sha'anin haihuwa an daɗe da sani, kuma makiyaya ne suka fara gani. A shekarun 1940, a yammacin Ostireliya, tumakin da ke kiwo a kan wata ciyawa dangin harawa suka riƙa kasa ɗaukar ciki, aka bincika aka gano izoflabon ne a cikin ciyawar. Tunkiya dai yini take tana cin abu guda, kuma cikinta ba irin na mutum ba ne, amma tun daga nan masana suka san sinadaran ba na wasa ba ne.

Tsofaffin Japon kan samu miligiram 30 zuwa 50 na izoflabon a rana daga abincinsu. Baturen Turai ko Ba'amurke ba ya kai miligiram 3. Hasashen ya zauna daram a takarda, saura a gwada.

Abin da gwaji ya nuna

Nan ne aka shiga ruɗu, domin tasowar zafi na cikin matsalolin da suka fi wuyar gwada wa magani. A irin waɗannan gwaje-gwaje akan raba mata gida biyu, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta sai gari, ba tare da kowa ta san wanne ta samu ba. Abin mamaki, masu shan ƙwayar wofin ma zafinsu yakan ragu sosai, a wasu gwaje-gwajen har da rabi. Wani ɓangare sa rai ne, wani ɓangare kuma zafin ne da kansa ke hawa yana sauka, mace kuma takan nemi magani ne daidai lokacin da abin ya kai maƙura. Saboda haka idan maƙwabciya ta rantse cewa tunda ta fara shan kunun waken soya ta samu sauƙi, ba ƙarya take ba, amma shaidarta ba ta isa ta nuna cewa waken ne ya yi aikin ba.

A 2012 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi da ƙwayoyin izoflabon, aka wallafa sakamakon a mujallar Menopause. Matan sun sha kimanin miligiram 54 a rana, daga mako 6 zuwa wata 12. Idan aka cire abin da ƙwayar wofi ta yi, yawan tasowar zafin ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100, tsananinsa kuma da kashi 26. Ƙwayoyin da jenistin ya fi yawa a cikinsu sun fi sauran aiki fiye da ninki biyu. A lissafin gida, macen da zafi ke taso mata sau goma a yini za ta samu ragin kamar sau biyu a kan ragin da ko ƙwayar wofi za ta ba ta. A 2016 mujallar JAMA ta fitar da wani taƙaitawar da ta yi kusa da wannan: ragi kaɗan a zafin rana da bushewar gaba, amma ba wani ragi a zufar dare, wadda ita ce ta fi hana mata sakat.

Akwai kuma waɗanda ba su ga komai ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda ta yi suna wajen tankaɗe da rairaya a binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 43 a 2013 ta ce babu hujja yankakkiya, ko da yake ta ce jenistin ya cancanci a ƙara dubawa. A birnin Miami na Amurka an ba mata 248 ko dai miligiram 200 na izoflabon a rana ko ƙwayar wofi har shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna ƙashinsu bai ƙara ƙarfi ba, kuma masu shan izoflabon ɗin ma sun fi kukan zafi da taurin bayan gida. Yawan sha bai ƙara komai ba.

Labarin da ya fi tashe, wanda kuma daga gare shi ne galibin alƙawuran da ake ji yau suka fito, na 2021 ne. Likita Neal Barnard da ƙungiyarsa a Washington suka ɗauki mata 38, rabi suka ci gaba da cin abincinsu na kullum, rabi kuma suka bar nama, kifi, ƙwai da madara gaba ɗaya, suka rage mai ƙwarai, suka riƙa cin rabin kofi na dafaffen waken soya, giram 86, kowace rana har mako 12. Zafi mai matsakaici da mai tsanani ya ragu da kashi 84 cikin 100 a wurinsu, da kashi 42 a wurin waɗanda ba su sauya komai ba. Da aka faɗaɗa gwajin zuwa mata 84 aka samu kashi 88 da kashi 34.

Alƙaluman na da ɗaukar ido, amma sai an karanta su da hankali. Matan kaɗan ne. Kowace ta san rukunin da take, tunda ba a ɓoye wa mutum cewa an hana shi nama. An sauya abu uku a lokaci guda, ga kuma na huɗu da ya biyo baya: matan sun rage nauyi, kimanin kilo 3.6 kowace, alhali an riga an san ƙiba na ƙara tasowar zafi. Ba yadda za a ware rabon wake daga rabon ragin mai da ragin teɓa. Sannan ƙungiyar da ta yi binciken ta daɗe tana kiran mutane su bar cin nama. Wannan bai soke sakamakon ba, amma dalili ne na jira har wasu da ba su da ra'ayi a maganar su maimaita. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta Arewa masu kula da wannan mataki na rayuwar mata ta fitar da jerin hanyoyin da take ba da shawara a bi idan ba a son maganin estrojen, kuma ba ta sa waken soya ko ƙwayoyinsa a cikin waɗanda ta amince da su ba.

Me ya sa wata ta ji daɗinsa, wata ba ta ji ba?

Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa yana cikin hanji. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin mutum suna juya daidzeyin ya koma wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, mai suna ekwol. Sunan daga kalmar Latin ta doki ya fito, domin a fitsarin goɗiya mai ciki aka fara gano shi a 1932. Ba kowa ke da waɗannan bakteriya ba. A ƙasashen yamma kimanin mutum 25 zuwa 30 cikin 100 ne, a Japon, Koriya da Sin kuwa 50 zuwa 60. Mata biyu za su iya cin awara a kwano ɗaya, abin da ya isa jinin ɗaya bai isa jinin ɗayar ba.

Sai kuma lokaci. Izoflabon ba ya aiki da gaggawa. Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa sai an haura mako 13 kafin a kai rabin amfanin da zai iya bayarwa, alhali maganin estrojen mako uku ya ishe shi. Wadda ta gwada kwana goma ta bari ba ta gwada komai ba.

Kuma kada a manta da cewa bambancin Japon da Amurka bai tsaya ga wake ba. Matan da Margaret Lock ta tambaya ba su da ƙiba, ba su cika shan taba ba, sun fi cin kifi da ganye, kuma sun tashi cikin al'adar da ba a cika kai ƙarar jiki ba. Ɗora dukan bambancin a kan wake guda gajeren lissafi ne.

Awarar bakin titi da waken gwaji

Nijar ƙasar wake ce, tana cikin manyan masu noman sa a duniya, amma waken da ake ƙosai, alala, ɗanwake da shinkafa da wake da shi ba shi ne ake magana ba. Izoflabon ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da waken soya. Shi waken soya baƙo ne, asalinsa gabashin Asiya, kuma mafi yawan wanda ake gani a kasuwannin kudancin ƙasar nan ta kan iyaka yake shigowa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta taka rawa tun ƙarshen shekarun 1980 wajen koya wa mata sarrafa shi a gida, kuma a hankali awara ta bi hanyar Kano da Katsina ta zama abincin marece a kowace unguwa, har yaran yanzu na zaton da ita kakanninsu suka tashi.

A ƙiyasin masana, giram 100 na awara ko kofi ɗaya na madarar waken soya na ɗauke da kimanin miligiram 25 na izoflabon, rabin kofi na dafaffen waken kuma kimanin miligiram 50. Wato wadda ke son kaiwa abin da aka yi gwaji da shi tana bukatar kamar giram 200 na awara, ko kofi biyu na madara, ko rabin kofin wake, kowace rana, ba ranar da ta ga dama ba. Wannan ƙiyasi ne kawai, domin izoflabon na bin ruwa. Wani kaso na tafiya a ruwan jiƙo, wani kuma a ruwan da ake matsewa bayan an zuba ruwan tsami ko tsamiya madarar ta kama. Awarar gidan nan da ta gidan can ba za su zo daidai ba. Man waken soya ba shi da izoflabon da za a ambata, daddawar soya kuma ɗan abin da ake jefawa a miya bai kai a ƙirga ba.

Matsalar awarar bakin titi ita ce kasko. Matan Washington sun ci wakensu ne a dafe, cikin abincin da kusan babu mai. Awarar dala goma kuwa ta yi iyo cikin mai, wani lokaci an tsoma ta a ƙwai an sake soyawa, an kuma barbaɗe ta da yaji, alhali mata da yawa na lura cewa yaji da abin sha mai zafi na tayar musu da abin. Wadda ta riƙa cin irin wannan kullum da sunan magani tana iya ƙara nauyin da zai cinye ɗan amfanin da take nema. Hanyar da ta fi kusa da ta gwajin ita ce a sayi awarar kafin a soya a yanka cikin miya, ko a turara ta, ko a dama kunu da garin waken da aka soya sama-sama aka niƙa tare da hatsi, ko a jiƙa waken ya kwana a dafa shi har ya yi laushi a zuba cikin kwaɗon zogale ko dambu. Sharaɗi ɗaya ba ya sauyawa: waken soya sai ya dahu sosai. Ɗanyensa na ɗauke da sinadaran da ke hana jiki narkar da abinci mai gina jiki, wuta ce ke kashe su. Kumburin ciki da iska a makonnin farko abu ne da aka saba gani, shi ya sa ake farawa da kaɗan.

Ko da zafin bai ragu ba, wadda ta musanya wani kaso na soye-soye da kitse da dafaffen waken soya ba ta yi asara ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshen waken sinadarin gina jiki ne, a kuɗin da bai kai na nama ba, kuma a shekarun da ƙashi da tsoka ke fara raguwa.

Akwai haɗari?

Tsoron da aka fi ji shi ne kansar mama, tunda wasu nau'o'inta estrojen ke ciyar da su. Binciken da aka yi a kan mutane bai tabbatar da wannan tsoro ba game da abinci. A birnin Shanghai an bi mata sama da 5,000 da suka yi kansar mama, kuma sakamakon da JAMA ta wallafa a 2009 ya nuna waɗanda suka fi cin waken soya sun fi ƙarancin dawowar cutar da ƙarancin mutuwa. A 2015 hukumar Tarayyar Turai mai kula da ingancin abinci ta ce ba ta ga shaidar illa ga mama, mahaifa ko ƙullin wuya na tiroyid ba a wurin matan da al'adarsu ta tsaya masu shan ƙwayoyin izoflabon.

Faransa ta fi kowa taka-tsantsan. A 2005 hukumarta ta abinci ta ce kada a wuce miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 60 ga mace mai kilo 60. A watan Maris na 2025 hukumar Anses ta sauko da ma'aunin ƙasa ƙwarai, ta kuma ba da shawarar a daina ba da abincin soya a kantin ɗin makarantu, wuraren aiki da makamantansu. Ta dogara ne galibi da gwajin dabbobi a kan sha'anin haihuwa, ta kuma fi tsananta ma'aunin ga yara da masu ciki. Masana da dama sun ga matakin ya yi tsauri idan aka dubi miliyoyin mutanen Asiya da ke cin waken tun kaka da kakanni. Darasin da ya shafi gida a nan shi ne, abin da uwa mai shekara 50 ta ɗaukar wa kanta a matsayin gwaji ba lalle ya zama ma'aunin tukunyar yara da amarya mai ciki ba.

Ƙwayoyi da garin kwalba da ake tallatawa da sunan maganin mata, wasu a farmasi da tsada, wasu a hannun ƴan talla ba lakabi ba adireshi, maganarsu daban ce da ta abinci. Ba a san adadin da ke ciki ba sai abin da mai sayarwa ya faɗa. Macen da ta taɓa yin kansar mama ko ta mahaifa kada ta sha su sai da yardar likitanta. Mai shan maganin tiroyid na lebotiroksin kuma ta sani waken soya na rage shigar maganin cikin jini, don haka ake raba su da kamar awa huɗu. Inda maƙoƙo ya yi yawa, gishiri mai iyod na da muhimmanci ga mai yawan cin soya, domin ƙarancin iyod ne ke buɗe ƙofar matsala.

Idan zafin ya fi ƙarfin kwano

Ga macen da zafi ke taso mata jefi-jefi, gwajin wata uku zuwa huɗu da dafaffen wake ko awarar miya abu ne mai sauƙin kuɗi da ƙarancin haɗari. Dabara mai amfani ita ce ta riƙa ƙirga sau nawa abin ke zuwa a yini, ko da da ƙullin zare ne ko zane a bango, mako guda kafin ta fara da kuma bayan wata uku, domin tunani kaɗai yakan yaudari mutum.

Ga wadda kuwa ba ta barci, aikinta ya tsaya, zaman gidanta ya dagule, wake ba zai ishe ta ba, kuma babu dalilin ta yi ta haƙuri shekara bakwai. Maganin estrojen, wanda ake haɗa wa da wani sinadarin mai kare mahaifa ga wadda ba a cire mata ita ba, yana rage tasowar zafi da kimanin kashi 75 cikin 100. Sunansa ya ɓaci a 2002 lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka saboda ƙarin haɗarin kansar mama da toshewar jijiyoyi, amma nazarin da ya biyo baya ya nuna ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da tsayawar al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Bai dace da wadda ta yi kansar mama, shanyewar ɓarin jiki, daskarewar jini ko ciwon hanta ba. Akwai kuma magungunan da ba na estrojen ba da likita ke iya rubutawa, kamar gabapentin da wasu magungunan damuwa a ƙaramin awo. Duka sai da ordonans da awon tansiyo, ba na teburin bakin hanya ba ne.

Kafin a ɗora komai a kan shekaru, akwai abubuwan da ya kamata a kawar. Zufar dare da ke tare da tari fiye da mako biyu, rama ko zazzaɓi na iya zama tarin fuka. Zafi da kakkarwa a lokacin damina sai an yi awon masassarar cizon sauro. Bugun zuciya da rama da rawar hannu na iya zama tiroyid da ya yi yawa. Macen da al'adarta ke wasa amma ba ta cika wata 12 da tsayawa ba tana iya ɗaukar ciki, ko da ta aurar da ƴaƴa. Wadda kuma ta cika shekara ba ta ga jini ba sannan ta gan shi, ko ɗigo ne, kada ta ɗauka al'ada ce ta dawo ko awara ce ta yi aiki: ta je CSI mafi kusa ko wurin likitan mata a cikin makon, domin yana cikin alamun farko na kansar mahaifa da ta bakin mahaifa.